Shaidar Aro

Auta tana da shekara goma sha biyu lokacin da ta shiga ajin baftisma.

A cocinsu na Baftis ba a yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya girma ya faɗa da bakinsa cewa ya ba da gaskiya ga Yesu, sannan Fasto ya nutsar da shi cikin ruwa. Kafin nan akwai aji, kowace Asabar, a ƙaramin ɗakin bayan coci mai benci uku da allo ɗaya.

Gaskiyar magana, Auta ba ta yi wani tunani ba kafin ta shiga. Ƙawarta Doguwa ce ta ba da sunanta, ita ma ta ɗaga hannu. Duk abin da suke yi tare suke yi. Ba ta so a ce Doguwa ta shiga ruwa ita tana zaune a benci.

Ranar da aka gama darasi na ƙarshe, Fasto ya rufe littafinsa ya ce, "Asabar mai zuwa kowa ya zo da shaidarsa."

Kowa ya gyaɗa kai. Auta ma ta gyaɗa, ko da yake ba ta gane ba. Kunya ta hana ta tambaya.

Da ta koma gida ta buɗe akwatin Mama na takardu. Ga shaidar haihuwa. Ga shaidar allurar rigakafi. Ga ta makaranta. Ta jera su a kan gado tana kallo. Wacce Fasto yake nufi?

Ta je wurin Yayanta yana wanke takalminsa, ta tambaye shi mene ne shaida. Ya ce shaida mutum ne da ake kira a kotu ya faɗi abin da ya gani. Ya kuma tambaye ta ko akuyar wa ta sata. Mama tana ɗinki ta jiyo su, ta ce ai tabon da ke goshin Yaya ma shaida ce, shaidar rashin jin magana. Suka yi dariya. Kan Auta ya ƙara ɗaurewa. Takarda ce, ko mutum, ko tabo?

Sai ranar Litinin a makaranta Doguwa ta warware mata. Ta ce mutum zai tsaya ne gaban Fasto da dattawa ya faɗi yadda ya sadu da Yesu. Ta ce ita tata tana nan, tun ranar da ƙaninta ya kwanta a asibiti ta yi addu'a ita kaɗai.

Auta ta duba cikin zuciyarta, ba ta ga komai ba. Ita dai ta buɗe ido ta ga kanta a coci. Ta iya waƙoƙi, ta haddace ayoyi, wani lokaci har barci take yi a kafaɗar Mama. Amma a ina ta sadu da Yesu? Ba ta sani ba.

Ranar Laraba tana share ɗakin Baba, tsohon Littafinsa Mai Tsarki ya faɗo daga kan tebur. Wata takarda ta zamo daga ciki, duk ta yi ja don tsufa. A samanta an rubuta: Shaidata.

Zuciyarta ta ce mata wannan ba taki ba ce. Ta amsa wa zuciyar cewa ai ayoyin da take haddacewa ma ba ita ta rubuta ba. Ta kwafe takardar a bayan littafin lissafi. Inda aka ce "ne" ta mai da shi "ce". Inda aka ambaci "matata" ta tsallake. Kwana uku tana hadda a bayan gida.

Asabar ta zo. Fasto ya zauna da dattawa biyu. Iyaye suna bencin baya, har da Baba, wanda ya rufe shagonsa na kafinta ya zo da garin katako a gashinsa.

Doguwa ta yi tata, gajeriya. Aka kira Auta. Ta miƙe, ta rufe ido, ta fara kamar mai karatun gasa.

"Ni mai zunubi ce. Shekara goma sha biyar na yi ina shan giya. Nakan kwana a bakin hanya. Ranar da na farka a cikin kwata, na yi kuka na kira sunan Yesu."

Ta buɗe ido. Wani yaro ya toshe bakinsa da hula. Dattijo ɗaya ya gyara tabarau, ya tambaye ta a hankali shekarunta nawa. Ta ce goma sha biyu.

"To, 'yata, kin fara shan giyar shekara uku kafin a haife ki ke nan."

Yara suka fashe da dariya. Amma dariyar ba ta daɗe ba, domin Baba ya miƙe tsaye.

"Shaidata ce," in ji shi. "Ni ne na kwana a kwata."

Manya sun san labarin tun da daɗewa, amma yara ba su sani ba. Ita kanta Auta ba ta taɓa haɗa takardar da Babanta ba sosai. Hadda kawai ta yi. Yanzu ga 'yan ajinsu suna leƙen fuskarsa. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Bayan an tashi Fasto ya zaunar da ita. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ta ko ita da kanta ta ba da gaskiya. Ta ce ba ta sani ba. Ya ce wannan ce magana ta farko ta gaskiya da ta faɗa yau, kuma ya ji daɗinta. Sannan ya ce za ta jira, ba za a yi mata baftisma wannan karon ba.

Nan ma ta rikice. In ya ji daɗi, don me za ta jira? In horo ne, don me yake murmushi?

Da yamma ta sami Baba a shago yana goge ƙafar kujera. Ta daɗe a bakin ƙofa kafin ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na tona maka asiri."

Ya ajiye aikin. Ya ce ba asiri ba ne, shi ne dai bai sami ƙarfin gaya wa 'ya'yansa ba. Ya ce ya yafe mata. Sai ta roƙe shi ya sa baki wurin Fasto, tun da shi ne ubanta.

Baba ya girgiza kai. Ya ce mutanen da suka fara irin cocinsu sun sha wahala a kan wannan maganar. An kulle waɗansu, an kori waɗansu daga garuruwansu, don sun ce ba mai mulkin da zai tilasta wa mutum abin da zai gaskata.

"In mai mulki ba shi da wannan iko, ni kafinta ina na same shi? Zan iya saya miki takalmi, Auta. Ba zan iya ba da gaskiya a madadinki ba."

"In kuma ban taɓa sani ba fa?"

"Za ki ci gaba da zama 'yata. Ki dai yi ta tambaya."

Ranar Lahadi tana benci aka nutsar da Doguwa. Ta yi tafi, ta kuma share hawaye. Daga nan ta fara tambaya. Ta tambayi Mama, ta tambayi Fasto, har Yaya ya ce ta zama ɗan sanda. Ta fara addu'a da kalmominta, ko da sun fito a karkace.

Bayan wata bakwai ta je wurin Fasto da ƙafarta, ba wanda ya aike ta. Ta tsaya gaban dattawa, idonta a buɗe.

"Na yi ƙarya don kada a bar ni a baya. Na kunyata Babana, ya yafe mini tun ban gama roƙo ba. Na yi ta tunani a kai. Na gane haka Yesu yake yi. Na roƙe shi shi ma, na kuma gaskata ya ji ni. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

Dattijon nan mai tabarau ya ce ya isa.

Ranar baftisma ruwan ya yi sanyi. Da ta fito, Mama ta lulluɓe ta da tawul, Baba kuwa ya kasa rera waƙa don murna.

Yara, ana aron biro, ana aron littafi, amma ba a aron bangaskiya. In ba ku gane abu ba, ku tambaya. In ba ku shirya ba, ku faɗi gaskiya. Allah ya fi son 'yar magana kaɗan da ta fito daga zuciyarku a kan doguwa wadda ba taku ba.