Lamba Tara Da Aka Goge

Ranar Talata da ƙarfe goma na safe, cikin shekarar 1998, DPO, shugaban caji ofis, ya jefa wa Sufeto Thaddeus fayil a kan tebur.

"An saci kwamfuta, an samu kwamfuta, an kama ɓarauniya. Ƙarfe biyu motar kotu za ta tashi. Sa hannu kawai."

Thaddeus bai sa ba. Ya wuce bayan kanta ya ga wadda ake zargi. Sunanta Turai, dattijuwa mai shara a wata hukumar gwamnati a Garki. Ba ta da mai tsaya mata, wato daga kotu sai gidan yarin Kuje.

"Mama, kin san abin da aka samu a ɗakin tsintsiyarki?"

"Sun ce kwamfuta ne, ɗana. Ni gefensa kawai nake gogewa. Ko buɗe shi ban iya ba."

"Ina kike zaune?"

"Jikwoyi, bayan coci."

"Akwai lantarki a gidan?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Fitilar kwai ma sai na samu kananzir."

Ya duba agogo, ya kira Saje Friday, suka hau mota.

Hukumar rabinta ce kawai ta taso daga Legas. Kwalaye jibge a baranda, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Shugabar reshen, Madam Elizabeth, ta tarbe su a tsaye.

"Ranar Juma'a na aika saƙo Legas, na bar laftof ɗin a kan tebur, na tafi Kaduna. Sai Litinin ya kamata in dawo, amma na dawo Asabar da yamma. Na biyo in ɗauka, babu. Nan take na kai rahoto."

"Wa ke da makullin ofishin?"

"Ni da Turai."

"Wa ya gano ta?"

"Jiya Albert, jami'in mulkinmu, ya ce a bincika ko'ina. Sai ga ta cikin tsummokara. Kuma ta lalata min ita! Tun jiya ta ƙi haɗuwa da Legas."

Thaddeus ya buɗe jakar kwamfutar. Igiyar modem ɗin, na'urar da ke haɗa ta da layin waya, an naɗe ta tsaf, an ɗaure da roba, an zura ta a aljihun da aka yi dominta. Madam ta ce haka aka same ta, ita da igiyar tarho ta gwada jiya. Ya daɗe yana kallon naɗin nan.

"Wa ya haɗa miki ita da layin waya?"

"Timothy. Yana da shago a Area 1."

"Saje, je ka kawo min shi. Da gudu."

Sha ɗaya da rabi Timothy ya shigo, siririn mutum da ƙaramar sukundireba a aljihun riga, gumi yana bin wuyansa.

"Oga, ni aiki kawai na yi, wallahi ban ɗauki komai ba."

"Faɗa min aikin."

"Tsohon Windows ne a kanta, bai san modem ɗin ba. Sai na zura katin modem ɗin a gefe, na sa faifan da ya zo da shi, ta karanta, na kashe na kunna. Sannan na rubuta lambar da za ta riƙa kira, da sunan Madam, da kalmar sirri. Ta ce kullum tana mantawa, sai na sa kwamfutar ta riƙe mata."

"Ka koya wa wani?"

"Ko mutum ɗaya."

Da sauri ya faɗa, idonsa a kan takalminsa.

"To, haɗa ta mu gani."

Timothy ya zare igiya daga tarho ya soka a katin, ya danna. Kwamfutar ta yi 'yan ƙananan ƙararraki na buga lamba, sannan tsit. Ya sake. Tsit.

"Kun gani?" in ji Madam. "Da can kuka take yi kamar ana yanka akuya."

Timothy ya buɗe wani shafi, ya matso da fuskarsa. Hannunsa ya tsaya cak.

"Oga, ba ta lalace ba. An goge tara."

"Wace tara?"

"Layin ofishin nan ta ɗakin afareta mai haɗa kira yake bi. In kana son kiran waje sai ka fara buga tara. Ita ma kwamfutar haka. Da hannuna na sa tara da waƙafi a wannan gurbin. Yanzu ga shi fayau."

"Me zai sa mutum ya goge?"

"In zai yi amfani da ita a layin gida, wanda ke fita kai tsaye. Da tara a gaba ba za ta taɓa shiga ba."

Thaddeus ya tuna da Turai. Matar da ke neman kananzir ba ta da layin waya.

Ya ja kujera ya zauna gab da Timothy, gwiwa da gwiwa.

"A ginin nan kai kaɗai ka san gurbin nan. Kai ka faɗa. To ka ga sai in tafi da kai, in saki tsohuwa."

"Haba oga! Ni ɗaki ɗaya nake haya a Nyanya, ina na ga tarho?"

"Wa ka koya wa?"

Timothy ya share goshi. "Wani ya saya min farfesu ranar Alhamis. Ya ce ƙaninsa ne ya sayi irinta, yana son ya haɗa a gida. Na zana masa a takarda. Madam ta hana ni nuna wa kowa, shi ya sa na ji tsoro."

"Sunansa."

"Oga Albert."

Sha biyu da rabi ta wuce. Aka kira Albert. Mutum ne mai tsafta, da taye, da biro uku a aljihu. Ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Na tambaye shi, ƙwarai. Tambaya laifi ce?"

"Ina ƙanin naka?"

"Ya koma makaranta, Jos."

"Kana da waya a gida?"

"Gidan gwamnati ne a Wuse, da layi na same shi. Amma ya mutu, wata uku ke nan. Kowa ya san halin layukan garin nan."

"Ranar Asabar kana ina?"

"Coci, atisayen waƙa, tun safe har yamma."

A bango akwai takardar sunayen ma'aikata da lambobinsu. Masu layin gida biyu ne kacal, Madam da Albert. Thaddeus ya mayar da igiya jikin tarho, ya danna maɓallin da zai sa kowa ya ji, ya buga tara, sannan lambar gidan Albert.

Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Albert ya sauke ƙafarsa.

"Alo? Wane ne?" Muryar tsohuwa ce.

"Sannu Mama. Abokin aikin Albert ne. Wayar tana aiki ke nan?"

"Tana yi mana. Sai dai ranar Asabar da ya cire igiyar ya soka a wani baƙin akwati. Abin ya yi ta ihu kamar kyanwa, na ce Albert, ka kashe abin nan kada maƙwabta su ce muna da aljani. Yana kusa? Ka ce masa ya sayo min maganin ƙafa."

"Zan faɗa masa, Mama."

Thaddeus ya ajiye kan tarhon a hankali.

"Albert," in ji Madam. "Me ka aika da sunana?"

Ya sassauta taye. Da ya buɗe baki, muryar ba ta mutumin da ya shigo ba ce.

"Shekara biyu ina nan, matata Naomi tana Legas da yara. Sau uku ana fitar da sunayen waɗanda za a dawo da su Abuja, ba ta ciki. Na huɗun da kika aika ranar Juma'a, tun farkon mako na gan shi, babu ita. Asabar afareta ba ya zuwa, layin ofis a rufe. Da Turai ta bar ƙofa a buɗe ta je ɗebo ruwa, sai na ɗauka. Na aika gyara, na ce an manta suna ɗaya. Niyyata in mayar Litinin da sassafe, ba wanda zai sani. Sai na iso na tarar an kai rahoto."

"Sai ka cusa a ɗakin tsintsiya," in ji Thaddeus.

"Na ɗauka za a ce ta ajiye ne ta manta."

"Kana tsaye aka sa ta a mota. Ka yi magana?"

Albert ya sunkuyar da kai.

Biyu saura kwata. Thaddeus ya sake buga tara, ya kira caji ofis. Layin a cike. Ya sake, a cike. A karo na uku aka ɗauka.

"Kofur, matar nan Turai, tana ina?"

"An sa ta a mota, oga, direba ya tayar."

"Tare shi a get! Ka sauko da ita, ka ba ta kujera da ruwa. Ka ce wa DPO ina tafe da mai laifin."

Ya riƙe kan tarhon, yana jin takun gudu da ihun kofur daga nesa. Minti biyu kamar shekara. Sannan aka dawo ana haki.

"Ta sauka, oga. Tana tambaya wai gobe ta je aiki?"

Thaddeus ya maimaita wa Madam tambayar. Ta rufe baki da hannu, ta gyaɗa kai.

"Ka ce mata ta je."

Saje Friday ya sa wa Albert ankwa. Kafin su kai ƙofa, Timothy ya mayar da tara da waƙafi a gurbinsu, ya soka igiya, ya danna. Kwamfutar ta buga lamba, ta saki kukan nan nata mai tsawo, ta haɗu. Saƙo ɗaya ya shigo daga Legas.

Madam ta karanta a fili, a hankali. "Mun ga gyaranki. An amince. Naomi ta kama aiki a Abuja ranar ɗaya ga wata."

Albert ya tsaya a bakin ƙofa, bayansa gare su.

"Mu je," in ji Saje Friday, ya ja shi suka bi ta tsakanin kwalayen Legas.