Takardar da Musbahu Ya Tsallake

"Ka karanta ko ba ka karanta ba?"

Musbahu ya sunkuyar da kai a zauren gidanmu, yana murza hularsa.

"Juwairiyya, masoyiyata, ki tsaya ki ji..."

"Kar ka ƙara ce min masoyiya! Amsa nake so!"

Ni ce ungozomar ƙaramin asibitin ƙauyenmu, can gefen Jajaye. Shi kuwa ɗan dagaci ne, sakataren kwamitin raya gari, saura wata biyu aurenmu. Gwamnati ta ce mu zaɓi aiki ɗaya ta yi mana. Mata ba sa zuwa taron ƙofar dagaci, shi ya sa na rubuta buƙatarmu na damƙa masa: ɗakin haihuwa, da allurar tazarar haihuwa da ta yanke mana wata biyar.

Sai ga shi an zaɓi ƙofar gari. Ƙofa fa! Mai fenti!

"Wallahi na buɗe takardar," ya ce a hankali. "Sai na ga Baba, ga liman, ga baffanki... Ta yaya zan furta tazarar haihuwa a gabansu? Kunya ta kama ni, na tsallake."

Raina ya yi mugun ɓaci.

"Kunya? Je ka faɗa wa Yaya Barira! Goyonta wata bakwai, ga wani cikin, ga ƙarancin jini. Sau uku tana zuwa neman allura ina ce mata babu. Ranar naƙuda a gindin ƙofarku zan kwantar da ita?"

Na zare zoben azurfar da ya sayo min a kasuwar Karaye na dire masa.

Inna ta yi faɗa har ta gaji. Sabi'u ɗan kwangila, mai jiran aikin ƙofar, ya bi gari yana cewa ina hure wa matan mutane kunne. Dagaci ma ya aiko cewa ba ya son suruka mai tsaurin ido. Ko a jikina!

Ranar Juma'a aka taru don miƙa wa Sabi'u aikin. Ina asibiti ina wanke almakashi, sai na ji lasifika ta ɗauki muryar Musbahu.

Takardata yake karantawa. Bai tsallake ko kalma ɗaya ba.

Can sai muryar Audu, mijin Barira, ta fito:

"Ranka ya daɗe, ni ƙofa ba ta yi min komai. Matata nake so da rai."

Aka soke ƙofar, aka zaɓi ɗakin haihuwa.

Da la'asar ya zo, idonsa jajir.

"Baba ya ce na zubar masa da mutunci... Kin huce, zuciyata?"

"Ban huce ba! Ɗakin ba zai kammalu kafin Yaya ta haihu ba. Kai za ka kai mu asibitin Rogo ranar naƙuda, ko ana ruwan ƙanƙara."

"Na yarda."

Ya ajiye zoben a kan teburin awo. Na harare shi, na ɗauka na saka.