Yashin Ƙararrawar Akuya

Ƙawata, matso kusa ki sha labari.

A wani zamani, an yi wani maƙerin fari da idon mahaifiyarsa ya raunana, kullum akuyarta sai ta ɓace mata. Ta cire munduwarta ta tagulla, ita kaɗai gare ta, ta ce, "Narka wannan, ka yi wa akuyata ƙararrawa."

Ya yi bismilla, ya siffanta ƙararrawar da kakin zuma. Saura yashin da zai cuɗa da yumɓu ya lulluɓe kakin, don in kakin ya narke ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. In ƙwaryar yumɓun ta fashe lokacin zubi, tagulla ta bi toka.

Matarsa ta ɗebo farin yashi mai ƙyalli. "Maigida, ga kyakkyawa a ƙofar gida."

Ya ce, "Bari mu tambayi wuta." Ya cura kaɗan, ya jefa a garwashi. Ya fashe.

Ta kawo jan yashi. Ya ce, "Bari mu tambayi wuta." Ya ruguje.

Ta ce, "Wutar nan surukarka ce, da komai sai ta yarda?"

Ya yi dariya, ya tafi rafi mai nisa, ya ɗebo wani yashi mai duhu, marar kyan gani. Wuta ta gasa shi, ko tsagewa bai yi ba. Ya zuba tagulla, ƙararrawa ta fito sumul, alhamdulillahi.

Washegari tsohuwa ta bi ƙarar, ta kama akuyarta a gonar waken maƙwabci. Ƙawata, don Allah kada ki gaya wa kowa, balle mai waken.