Ɗumin Tsohon Ƙwan Fitila

Ranar da Turai ta janyo wa gidanta tashin hankali, ba wani abu ta yi ba illa sauya ƙwan fitila. Watan Janairu ne, lokacin da rana ke faɗuwa a Bronx, cikin birnin New York, tun mutum bai gama naɗe dardumar la'asar ba. Mai kula da benensu na unguwar Tremont ya bi ƙofa-ƙofa yana raba sababbin ƙwayayen LED masu farin haske, waɗanda aka ce ba sa shan wuta kuma ba sa zafi. Mijinta Mamuda yana can filin jirgin sama na JFK a layin 'yan tasi, ita kuwa Turai mace ce da ba ta iya ganin aiki a ajiye. Sai ta ɗauki kujera ta bi ɗaki-ɗaki.

Ƙwai na ƙarshe shi ne na ɗan siton da ke bayan kicin, inda take ajiye kuka da daddawa da buhun shinkafa. Makunninsa ya lalace tun shigowarsu gidan, don haka ƙwan yana ci dare da rana, in ya ƙone Mamuda ya sa irinsa. Wayarta ta soma kiran sallar magariba tana tsaye a kan kujerar. Ta san abin da aka hore ta da shi tun tana ƙarama a Katsina, cewa ba a taɓa lungu da almuru, in ya zama dole sai an yi bisimilla an ce gafara. Amma a ganinta wannan dokar can gida ce. Wane aljani ne zai hau bene hawa biyar a New York? Ta naɗe hannu da tsumma, ta murɗe tsohon ƙwan da zafinsa, ta sa sabon.

Washegari da magariba tsakuwa ta faɗo cikin tukunyar miya. Turai ta tsamo ta, ta ga jar marmara ce irin ta gida, wadda ba ta taɓa gani a wannan ƙasar ba. Kafin ta juya wata ta bugi firji, wata ta bugi ƙofa, alhali tagogi duk a rufe suke. Daga cikin siton kuma ta ji kukan jariri, siriri, irin na wanda ya gaji da kukan. Mamuda ya ce bututun ruwan zafi ne, don shi komai ya faru a gidan bututu ne.

A rana ta huɗu abin ya koma kan Amal, 'yarsu ɗaya tilo, mai shekara goma sha uku. Turai ta same ta zaune a ƙofar siton, jikinta zafi rau, ta rungume hannuwanta kamar mai riƙe da jinjiri tana jijjigawa. Asibiti suka auna duk abin da ake aunawa, ba su ga komai ba. Kowace magariba sai ta koma wurin. Abin da ya fi tsinka zuciyar Turai shi ne bakin yarinyar. Amal a nan aka haife ta, ana yi mata Hausa tana mayarwa da Turanci, kullum faɗansu ke nan da uwarta. Yanzu ga ta tana rarrashin jaririn da ba a gani da tsohuwar Hausa tsantsa, cikin muryar dattijuwa. Turai ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, domin ta gane ba 'yarta ce ke cikin jikin nan ba.

Mamuda ya daina zancen bututu, ya je masallacin unguwa ya ɗauko Malam Amadou, wani dattijo mutumin Maraɗi wanda ba ya son yawan magana. Malam ya zauna gaban yarinyar ana gab da magariba, ya yi ta karatu a hankali. Can Amal ta ɗaga kai, ta dube shi da idon da ba nata ba. Malam ya tambaye ta:

"Wace ce ke, me kike nema wurin yarinyar mutane?"

"Ɗumi nake nema, Malam. Shekara tara ina bayan buhun nan, ban taɓa musu ko ƙwayar shinkafa ba. A ɗumin fitilar nan na haihu. Matar nan ta zo da almuru, ba bisimilla ba gafara, ta ɗauke mana shi ta sa mana farin haske mai sanyi. Ɗana yana mutuwa. Jikin 'yarta ne kawai mai zafi a gidan."

Aljanar ta ce ko a mayar mata da tsohon ƙwan a bar mata siton har abada, ko ta zauna inda take. Mamuda ya miƙe zai fita neman ƙwan, Malam ya tsayar da shi da hannu. Ya ce ba a kunna wa aljani fitila a gidan Musulmi, yau fitila ce, gobe abin da ya fi fitila za ta nema. Ya gaya wa aljanar a ƙasan benen akwai ɗakin boila, inda wutar da ke ɗumama ginin take, babu mai kwana a can. Ta yi gardama, ya ci gaba da karatu, ta yi ƙara har Turai ta toshe kunne. Daga baya ta lafa, ta ce ta yarda, amma sai matar gidan ta faɗi abin da ta ƙi faɗa.

Turai ta durƙusa gaban jikin 'yarta. Ta yi zaton haushi za ta ji, sai ta tarar tausayi ne ya cika ta, don ta san yadda uwa ke ji idan ɗanta na rawar sanyi.

"Gafara, baiwar Allah. Ban san kina nan ba. Ki ɗauki naki, ki bar mini tawa."

Malam ya sa aljanar ta rantse ba za ta sake hawowa ba. Amal ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta, gumi ya karyo mata. Ƙofar falo ta buɗe kaɗan da kanta, iska mai sanyi ta wuce.

An jima yarinyar ba ta motsa ba. Turai tana riƙe da ita, tana tsoron harshen da zai fito daga bakin nan. Sai Amal ta buɗe ido, ta dubi baƙon dattijon, ta yamutsa fuska, ta tambayi uwarta da Turancinta mai sauri me ya sa kowa ke kallonta, kuma me aka dafa. Turai ta fashe da kuka, ta ƙanƙame ta, ta ce da ita ta sake faɗa.