Saurayin da Ya Tuge Citta

A tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan Selina ta fara ganin Kumai, cikin damina ta 1974. Ta rako gwaggonta mai tafiya Jos, buhu ya yage, doya ta watse. Sai ga wani saurayi baƙi ƙirin da hayaƙi ya diro daga kan injin yana tsince musu. Shi ne mai zuba wa jirgi gawayi. Haƙoransa kaɗai ake gani, amma su ɗin sun ishe ta.

"Na gode, Mai Gawayi," ta ce.

"In dai za ki sake faɗa, gobe ma buhun ya yage," in ji shi.

Tun daga nan ya zama Mai Gawayinta, ita kuma Fitilarsa.

Matsalar ita ce Baba Meshak, mahaifinta, tsohon hedimasta wanda ba ya auna mutum sai da Turanci. Ya riga ya auna Nicholas, wani akawu mai babur da ke neman ta, ya ce aure da shi "beneficial" ne, wato akwai riba. Ita kuwa Selina ko ƙarar babur ɗin ba ta son ji.

Kumai ya je ajin yamma ya haddato kalmomi, ya durƙusa gaban Baba yana gumi.

"Baba, ni mutum ne useful, helpful, har ma advantageous."

Baba ya sauke tabarau. "Yaro, kai mutum ne ko maganin tari? In kana da amfani, gona tana nan. Noman suruki ba da baki ake yi ba."

Nicholas ya turo 'yan ƙodago suka share gonar masara. Kumai ya ari fartanya ya shiga gonar citta shi kaɗai. Abin da bai gaya wa kowa ba, a barikin reluwe aka haife shi, bai taɓa noma ba. Ga shi citta in tana ƙarama ganyenta kamar ciyawa yake. Bawan Allah ya duƙufa da zuciya ɗaya ya tuge rabin gonar.

Da Selina ta kawo masa kunu ta ga aikin, sai ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Yesu! Mai Gawayi, ka kashe mu!"

Nan ya gane ɓarnar da ya yi. Ta ce ya tafi, za ta ce aladu ne suka shiga. Ya girgiza kai.

"Fitila, ba zan fara zama ɗan gidanku da ƙarya ba."

Ya kwashi cittar a hannu ya kai gaban Baba, ya faɗi komai, babu Turanci ko ɗaya.

"Useless!" Baba ya daka tsawa. "Selina, kin gani da idonki. Wane amfani wannan zai yi miki?"

Tsoro ya kama ta, don ba ta taɓa mayar wa Baba magana ba. Amma ta durƙusa kusa da Kumai.

"Baba, ba garma nake nema ba. Ba don amfani nake son shi ba. Ina son shi ne kawai."

Mama da ke tankaɗe a gefe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, kai da ka zo noma gidanmu, wa ya sare ƙafarsa har aka ɗauko shi a baya?"

Baba ya yi tari, ya goge tabarau ya sake gogewa. Can ya ce, "Gobe ka zo da sassafe. Zan nuna maka citta da ciyawa."

Duk ranar hutunsa Kumai yana gona, shi da Baba suna mayar da abin da zai mayu. Cittar shekarar dai ba ta yi auki ba.

Bayan Kirsimeti aka ɗaura aure a majami'a, 'yan reluwe suka cika benci. Baba ya ɗora musu hannu.

"Ubangiji Ya sa muku albarka, 'ya'yana. Selina, ki riƙe shi da kyau. Gona kuwa, ki riƙa binsa a baya."