Layar da Ba Malam Ya Rubuta Ba

Ni Garga Tela, duk unguwarmu ta Briqueterie an san ba na tsoron komai. Aljani ma in ya hango ni shi ke canza hanya. Haka na faɗa a bakin tukubar Haman mai soya, wato tsire, gaban mutum ya fi goma, ranar da na zubar da ƙwayar tramol ɗina a lambatu. Na ɗaga kwalin sama kowa ya gani, na juye shi, na kaɗe hannu. Na ce daga yau na daina, kuma a gidana zan daina, ba asibiti, ba dokta, ba wani rage-rage.

Haman yana juya nama ya ce, "Mon frère, kai da ko shayin safe ba ka iya bari."

Na ce ya zuba ido.

Abin da ban faɗa musu ba shi ne guda shida da na ware tun da asuba.

Bari in koma baya kaɗan. Shekara biyu da suka wuce moto, wato babur, ya kayar da ni a gangaren unguwar Madagascar, ƙashin ƙugu ya tsage. Dokta ya rubuta min ordonans, takardar magani, ƙwaya ɗaya safe, ɗaya yamma, na sati uku. Ƙugu ya warke, ƙwaya ta ƙi tafiya. Biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama takwas, kuma kullum ji nake kamar rabi ne ke isa jikina. A bayan labulen atelye, shagon ɗinkina, nake shanta, da sauri, kamar ɓarawon nama a tukunya. Ban taɓa yin bisimilla a kanta ba. Wa ke kiran sunan Allah a kan abin kunya?

Ranar da matata Zaituna ta same ni ina barci da goshina a kan keken ɗinki, allura dab da idona, ba ta yi faɗa ba. Akwati ta sauko da shi. Ta ce ko ita da 'yarmu Salwa, ko ƙwaya, in na zaɓi ƙwaya jirgin ƙasan da zai mayar da ita gida Ngaoundéré na nan kullum. Muka je wurin dokta. Ya ce a sauka a hankali, kamar mai sauka daga tsani. Ni kuwa na ce namiji tsalle yake yi.

To, guda shidan nan na naɗe su a takarda, na samo guntun jar fata, na ɗinke da hannuna, ɗinki mai kyau, na ɗaura a damtse. Kun san dai ba a buɗe layar wani. Ko jandarma ya laluba ka, in ya taɓa laya janye hannu yake. Na gaya wa Zaituna cewa Malam Zakiyyu, limamin masallacin lungunmu, shi ya rubuta min don in samu sauƙi. Har ƙwalla ta yi don murna. Wallahi ban yi niyyar sha ba. So nake kawai in ji suna kusa.

Rana ta farko na yi ta tsokanar mutanen gida. Rana ta biyu tsokana ta ƙare.

Hamma ta zo, wadda ke neman raba min muƙamuƙi. Hanci ya zama famfo. Zufa na zuba, ni kuma ina rawar sanyi a cikin bargo biyu. Ƙasusuwana kamar ana taunarsu. Ciki ya ɓaci, na san hanyar bayi ido rufe. Mafi muni ƙafafuwa: ba sa kwanciya, ba sa zama, sai harbi suke yi su kaɗai kamar ina taka keke. Zaituna ta yi ta ɗura min ruwan gishiri da sukari cokali-cokali, ta dama kunu mai ruwa-ruwa, ta gasa min baya da tsumma da ruwan zafi. In na zage ta sai ta ce, "Ba kai ba ne, Baban Salwa, ita ce ke magana." In ta fita sai in dafe layar in ce wa ƙwaya, ke da ni a ga wanda zai gaji.

Rana ta huɗu da yamma hadari ya haɗo daga wajen unguwar Cité Verte. Zaituna ta tuna tagar atelye a buɗe take, ga shaddar bikin mutane a kan tebur. Ta ɗauki mayafi. Na ce ni zan je.

"Ƙafarka za ta kai ka?"

"Har Makka."

Atelye ba nisa, ka bi lungun bayan masallaci, ka tsallake katakon lambatu, shi ke nan. A wannan lungun ne bara na ɗaura farin ƙyalle a sanda na yi wa Haman muryar aljani, har ya watsar da tiren nama ya bar takalmi ɗaya. Na tuna, na so in yi dariya, hamma ta ƙwace.

An ɗauke kuran, wutar lantarki. Gari ya yi wannan jan duhun na gab da magariba. Iska na kawo ƙamshin hayaƙin soya da warin jar ƙasa mai jiran ruwa. Kwanon rufin wani gida na bugawa, ɓam, ɓam. Mata sun riga sun kwashe yara cikin gida.

Na buɗe kwaɗo na shiga. Na rufe tagar. Na ninke shaddar na sa a leda.

A nan ya kamata in juya.

Sai na zauna a kan benci, wai in huta. Hannuna ya kai kan layar. Ga reza a kan tebur, inda nake ajiye ta don farke ɗinki. Ban ɗauka ba. Kallonta kawai na yi.

Sai aka yi hamma.

Doguwa, mai ƙarar muƙamuƙi a ƙarshe. Na taɓa bakina. A rufe yake.

Na ce iska ce. Na ce rashin barci ne, kwana uku ido biyu ai sai mutum ya ji kaza na Faransanci.

Aka ja majina.

Daga bayan labule ne. Labulen nan da nake ɓuya in sha. Wani wari ya taso, tsamin zufar mai zazzaɓi, irin wanda ke jikin bargona. Amma wannan ya fi nawa tsufa.

Keken ɗinkina na ƙafa ne, tsoho, baƙi. Yana gefen labulen. Na ji matakinsa ya motsa.

Ƙyaƙ.

Ya tsaya. Ya sake.

Ƙyaƙ, ƙyaƙ, ƙyaƙ.

Ba kowa a kujerar. Matakin na hawa yana sauka, ba irin takun mai ɗinki ba. Harbi ne. Na san wannan harbin. Ƙafar da ta kasa zama ce.

"Garga."

Raɗa ce, a shaƙe, kamar mai mura.

"Kwana huɗu, Garga."

Na ce, "Haman, in kai ne, ka rama, ya isa." Muryata ta fito siririya kamar zare.

"Haman na wurin wutarsa."

"To waye?"

"Abokin cinka. Shekara biyu kana sa ta a baki ba ka kira sunan kowa ba. Abin da ba a kira suna a kansa ba, da rabona a ciki. Rabi naka, rabi nawa."

Ashe shi ya sa takwas ba ta isata.

Labulen ya kumbura kaɗan, daidai tsayin mutum a tsugune. Yana karkarwa. Ina jin haƙora na haɗuwa, ba nawa kaɗai ba.

"Ƙashina ciwo yake," in ji shi. "Farke layar."

"Laya ce. Ayoyi ne a ciki."

Aka yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Ina tsaye ka ɗinka ta. Shida ne. Ɗaya kawai. Ka haɗiye, ni ba ni da wata hanya sai ta bakinka. Ba wanda zai sani. Ƙafarka ta kwanta, tawa ta kwanta. Ka yi barci yau."

Barci. Da ya ce zinariya da ban kula ba.

Na duba hannuna. Reza na ciki. Ban san lokacin da na ɗauka ba.

Na sa bakinta a kan zaren farko. Ya tsinke.

Keken ya ƙara sauri.

Zare na biyu.

Numfashi ya sauka a wuyana, mai zafi, mai ɗoyi. Ya baro labule.

"Yawwa. Yawwa, jakina."

Wannan kalmar ce ta tsayar da ni. Ba tsoron Allah ba, in faɗi gaskiya, ba kuma akwatin Zaituna ba. Ni Garga, da na sa limami ya yi sallama da buhun gawayi a duhu, ni da unguwa ke kaffa-kaffa da ni, ashe shekara biyu wani ke hawana yana dariya.

Na ce, "Wa ka kira jaki?"

Ƙyaƙ, ƙyaƙ. Keken kaɗai.

"Kana jin ciwo?"

"Ina ji."

"Madalla. Ni ma ina ji. Ba za ka sha ba. Ni ma ba zan sha ba. In mutuwa ce mu mutu tare, a ga wanda za a yi wa salla."

Na yar da rezar.

Wani abu ya fizgi gefen rigata. Na waiga. Bakin rigar na ƙarƙashin allura, keken na ɗinke ta da labulen, yana jawo ni taku-taku.

Na buɗe baki in yi a'uziyya. Haƙora suka hana.

Yatsu suka kama damtsena, daidai kan layar. Sanyi ƙalau. Jiƙe. Suna rawa.

"Ɗaya," ya ce. Kuka yake.

Sai ladan ya ɗaga murya. Ba lasifika, tunda ba kuran, muryar tsoho ce kawai daga bayan katanga.

Keken ya tsaya cak.

Numfashi ɗaya na samu. Na fizge. Riga ta yage daga wuya har ƙasa, na bar masa rabi.

Ban san yadda na tsallake katakon lambatu ba. Na faɗi sau biyu a lungu. A bayana ina jin keken ya ci gaba, ƙyaƙ, ƙyaƙ, ƙyaƙ, har na fito fili.

Ƙofar masallaci cike take, ana alwala. Tukubar Haman na ci a gefe. Na zube a tsakiyarsu, rabin riga, jar ƙura har gira, wandon kuma ba zan yi bayaninsa ba. Na ce aljani, aljani a atelye.

Ba wanda ya motsa. Wani ma ya ci gaba da shafar kai.

Haman ya ce, "Na farin ƙyalle ne ko wani sabo ka ɗinka?"

Aka yi dariya. Na nuna musu damtsena. Shatin yatsu huɗu, dogaye, sun yi baƙi a kewayen layar. Dariyar ta ragu.

Da na yi shiru a nan, da na tsira da mutuncina. Amma baki ya saba. Na miƙe na buga ƙirji na ce mun yi kokawa na kayar da shi, layar nan ce ta ƙone masa hannu.

Daidai lokacin Zaituna ta iso da lema, ta biyo sawuna. Ta ji maganar laya. Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Allah gafarta Malam, mun gode. Allah ya saka da alheri da layar da ka rubuta masa."

Malam Zakiyyu na tsane gemu da hannu. Ya dube ta. Ya dube ni.

"Ni ban rubuta wa Garga laya ba."

Na ce wataƙila Malam ya manta, mutane da yawa.

"Shekara talatin ban taɓa ɗinke rubutuna a jar fata ba. Kawo in ga abin da aka jingina min."

Na ce ai ba a buɗe laya.

"Tawa ce, in ji ka. Mai abu ya buɗe abinsa. Haman, ara min wuƙa."

Zare biyu dama sun tsinke. Wuƙar soya ta gama sauran. Ya warware takardar a tafin hannunsa, Haman ya matso da fitila, kawuna suka haɗu. Guda shida, reras.

Daga bakin lungu, cikin duhu, aka ja majina. Doguwa. Wannan karon ba ni kaɗai na ji ba, don na ga masu alwala sun matso kusa da haske.

Malam ya yi bisimilla da ƙarfi, ya watsa su cikin garwashin Haman.

Yau wata biyar ke nan. Washegari Zaituna ta tasa ni gaba muka koma wurin dokta, na bi tsanin nan da na raina, mataki-mataki, har na sauka. Akwatinta ya koma saman sif. Keken na sayar wa wani a unguwar Elig-Edzoa, ban tambaye shi yadda suke kwana ba. Yanzu ko ruwa zan kurɓa sai maƙwabta sun ji bisimillata. Har gobe ina cewa shida na ɗinke, shida aka ƙirga, ko ɗaya ban ba aljanin ba, kuma duk mai ja ya zo.

Amma unguwa ba wannan ta riƙe ba. Abin da ta riƙe shi ne ina tsaye da rabin riga, Zaituna ta kafe ni da ido, liman riƙe da fatar da ba komai a ciki, sai Haman ya goge wuƙarsa a hankali ya ce:

"Allah gafarta Malam, mu da ba mu yi nisa a karatu ba, wace sura ce wannan mai guda shida?"