Kofin Da Rinah Ta Ƙi Fasawa

Ƙarya suke yi, kuma sun san ƙarya suke yi! Ba zan kama suna ba, sun san kansu. Su ne masu zama a barandar otal a Beaufort da farar hula da sanda, suna gaya wa baƙi wai ba saboda bauta aka yi yaƙin basasar nan na Kudu da Arewa ba, wai haraji ne, wai 'yancin jihohi ne. 'Yancin yin me? Na ɗora yaro a teburin gwanjo uwarsa na kallo? Ai da bakinsu suka faɗa ranar da jiharmu Carolina ta ɓalle daga tarayya: an zaɓi shugaban da ba ya son bauta ta bazu zuwa sababbin ƙasashen yamma, su kuma ba za su zauna dukiyarsu ta salwanta ba. Dukiyar kuwa mu ne. To, tunda mantuwa ta kama su, bari in ba ku labarin wani kofi a tsibirinmu.

Da sassafe ne, ƙarshen daminar shekarar da aka ajiye bindiga. Rinah ta shigo daga rijiya, ta cika wani farin kofin tangaran mai karyayyen hannu, ta ɗora shi a kan kantar ɗaki kamar yadda take yi kullum. Surukarta, Mama Hagar, uwar mijinta July, na tuƙa faten masara a murhu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Har yau? Har yau kina shayar da wanda ba ya jin ƙishi?"

"Ina kwana, Mama."

"Ban kwana ba! Wa ke kwana a gidan nan? Je ki taɓa goshin yarinyar nan ki ji."

Rinah ta durƙusa gaban shimfiɗar 'yarta Minda. Jikin kamar garwashi. Yarinyar ta buɗe ido da ƙyar, ta dubi ƙofa, ta ce, "Baba na waje."

Muciya ta suɓuce daga hannun tsohuwar.

"Kin ji ko? Kin ji da kunnenki! 'Yar nan, ni na haifi July, ba ke ba. Ya mutu. Mun tara masa ƙasa a gindin itatuwa ko da babu gawa, mun jera masa bawon katantanwar teku, saura abu ɗaya. Abin da mutum ya sha ruwa da shi na ƙarshe, kan kabarinsa ake kaiwa a fasa, a miƙa ɗansa ta saman kabarin, sannan ya kwanta. Kin riƙe masa kofi, yana ta zuwa nema. Ran da ya gaji da nema, yarinyar zai ja!"

"Mama, ba a fasa kofin mai rai."

"Mai rai! Wayyo ni Hagar, an haɗa ni da mai kunnen ƙashi!"

Kofin nan ba wani abin kirki ba ne. Daga juji July ya tsinto shi bayan matar ubangidansu ta jefar, tun suna noman auduga a gonar da ba tasu ba. Shi ne kaɗai abin da ya ba Rinah ran da suka tsallake tsintsiya a gaban jama'a suka zama mata da miji, auren da doka ba ta san da shi ba, wanda mai gona zai iya rabawa duk safiyar da ya ga dama. Ya ce mata, "Ga sadakinki, Sarauniya. Hannunsa ya karye, amma ba ya yoyo."

Sai igwa ta fara magana a Charleston. Kafin sanyi ya shigo, manyan jiragen yaƙin Arewa suka shigo bakin ruwanmu, ƙasa ta yi ta girgiza tun safe har azahar. Iyayengijin da suka rantse Bature ɗaya na Kudu ya fi goma na Arewa suka tsere a kwalekwale, abinci da zafinsa a kan tebur. Muka wayi gari ba mai bulala. Amma 'yanci ne na aro, kowa ya sani. In Kudu ta ci, za su dawo.

Shi ya sa da aka ce baƙar fata ma zai iya sa shuɗiyar rigar soja, July da ƙanensa Cato suka tashi. Mama Hagar ta tare ƙofa da jikinta.

"An sayar mini da uku ina ji ina gani. Ku biyun da suka rage, da ƙafarku za ku kai kanku?"

"Mama," in ji July, "in mutanen nan suka dawo, Minda za su fara ɗorawa a tebur. Kin fi kowa sanin yadda abin yake."

Tsohuwar ta kauce. Rinah ta miƙa masa ruwa a kofin. Ya sha rabi, ya mayar mata yana murmushi.

"Ajiye mini. In na dawo zan ƙarasa."

Labarin yaƙi ya riƙa zuwa mana a bakin matuƙan kwalekwale. An karanta takardar 'yanta bayi. An yi kisan da ba a taɓa gani ba a Pennsylvania. Babban kogin yamma ya faɗa hannun Arewa. Sai kuma aka ce an kai yaranmu Florida, an rutsa da su a wani dajin dogayen itatuwa. Daga can Cato ya dawo, hannun hagu babu, yayansa ma babu.

Sau nawa Rinah ta titsiye shi? Ko ranar da nake ba ku labari, yana shigowa da 'yan kifi a igiya ta tare shi.

"Cato, faɗa mini kuma."

"Haba matar Yaya! Labarin nan ya kusa huda mini harshe. Na ga harsashi ya same shi, na ga ya faɗi."

"Ka taɓa shi? Ka rufe masa ido?"

"Rufe ido? Gudu muke, Kyaftin na ihu, itatuwa na karyewa a kanmu! Ni hannuna ma a can na baro shi, kin ga na koma ɗauka?" Ya yi 'yar dariya, dariyar ta mutu a bakinsa. Ya rage murya. "Na ji abin da suka yi wa namu da suka tarar kwance a filin nan. Ba kowa suka ɗauka fursuna ba. Ki bar shi ya huta, don Allah."

"Ka ga ya faɗi. Ba ka ga ya mutu ba."

Haka ta tsaya tun daga lokacin. Atlanta ta ƙone, Charleston ta faɗi, babban janar na Kudu ya miƙa wuya a Virginia, muka yi rawa a ɗakin addu'a har daɓe ya fashe. Bayan 'yan kwanaki aka harbe shugaban ƙasa, muka koma kuka. Sojoji suka yi ta dawowa, wani da sanda, wani ba ido. Duk kwalekwalen da ya tsaya, Rinah na bakin ruwa. Mata suka fara kauce mata a hanya. Aka ce fatalwar mijinta ta aure ta a karo na biyu. Mama Hagar ta jiƙa baban rini, ta sake shafe ƙofa da dokinta da shuɗi, don kowa ya san fatalwa ba ta tsallake shuɗi.

Zazzaɓin Minda kuwa ya ƙi sauka. Ran Asabar da yamma yarinyar ta daina karɓar ko ruwa. A nan ne Mama Hagar ta yi abin da ba ta taɓa yi wa ubangidanta ba ma. Ta durƙusa a ƙasa, ta kama ƙafar matar ɗanta.

"Mama! Tashi, don girman Allah, tashi!"

"Ba zan tashi ba. Rinah, 'ya'yana uku ban san ƙasar da suke ba. Ko kabarin da zan je in yi kuka ban samu ba. Wannan ɗaya ki bar ni in binne shi kamar ɗan mutum. Kada ki sa in binne jikata a kusa da shi. Kina tsammanin ba na so ya dawo? Ni fa na goya shi!"

Rinah ta dubi tsohuwar, ta dubi 'yarta, ta dubi kofin. Hawaye suka ɓalle mata.

"Gobe da safe, Mama. Kafin coci. Da hannuna zan fasa."

Gari ya waye da hazon fadama, fari fat, ko itatuwan bakin hanya ba a gani sai ciyawar nan mai ruwan toka da ke lilo a rassansu kamar gemu. Cato ya saɓa Minda a kafaɗarsa. Mama Hagar ta ɗaura farin kallabi. Rinah ta cika kofin, ta ce ba za ta kai masa shi a bushe ba. Ta buɗe ƙofa.

Mutum na tsaye a tsakar gida.

In mutum ne. Ƙasusuwa ne cikin tsumma, kai ya yi furfura, ido ya faɗa can ciki. Ba takalmi. Bai yi sallama ba, bai motsa ba. Ya zo daf da dokin ƙofa ya tsaya cak, yatsun ƙafarsa na gab da shuɗin, ya ƙura wa layin ido.

Cato ya ja da baya har ya bugi bango. "Yesu! Yaya ne!"

"Rufe ƙofa!" Mama Hagar ta ƙwalla ƙara. "Ya zo ɗaukarta! Dubi, ya kasa tsallakewa! Na gaya miki, na gaya miki! July, ɗana, koma ka kwanta, yanzu za mu kawo maka kayanka, kada ka taɓa yarinyar nan!"

Shi kuwa idonsa bai bar layin ba.

Ni ba zan ce muku Rinah ba ta ji tsoro ba. A tsibirin nan aka haife ta, abin da tsohuwar ta yarda da shi ita ma da shi ta tashi. Amma ta dubi ƙafafun nan, ta ga sun tsattsage, jini na fita a tsakanin yatsu.

"Mama, sake ni."

"In kika fita ba za ki dawo ba!"

"To sai mu tafi tare."

Ta fizge zanenta, ta tsallake shuɗin, ta tsaya gabansa. Ta ɗaga kofin da hannu biyu.

"Ka ce in ajiye maka."

Ya dubi kofin, ya daɗe yana dubansa. Sai ya kama hannuwanta, ya kafa baki. Suna ji, maƙogwaronsa na ƙara, ƙwat, ƙwat, ƙwat, har ya shanye tas, ruwa na bin gemunsa. Ya sauke numfashi, murya a dishe ya ce, "Sarauniya, har yanzu ba ya yoyo."

Wata irin ƙara Mama Hagar ta yi, wadda har bakin ruwa an ji ta. Ta fito a guje, ta manta da shuɗi, ta manta da gwiwarta mai ciwo, tana shafa fuskarsa, tana dukan ƙirjinsa, tana kuka.

"Ya sha ruwa! Cato, ya sha ruwa! Ɗan banza, mara tausayi, don me ka tsaya a waje kamar baƙo? Kana so zuciyata ta buga? Shigo!"

"Mama, ki ce an ba ni izini."

"Izinin me?"

"Layin. Ki ce ba za a harba ba."

Daga baya muka gane. Sojojin Kudu ne suka tsince shi da rai a Florida, suka kai shi wani sansanin fursunoni a Georgia, fili ne kawai an kewaye da gumaguman itace, ba rumfa, ba ruwan kirki, mutane na mutuwa kamar ƙuda. A cikin katangar an kafa wani ɗan shinge, layi ne. Duk wanda ya tsallake, ko hannu ya miƙa don ɗebo ruwa mai ɗan tsabta, mai gadi zai harbe shi. Da aka buɗe sansanin, ya yi watanni a asibitin soja bai san sunansa ba. Ya tako har bakin ruwa, aka tsallako da shi tsibirin da dare, ya bi ta gindin itatuwa ya ga kabarinsa, bai tsaya ba. Amma da ya ga an ja layi a ƙofa, ƙafarsa ta ƙi.

Rinah ta kama hannun dama, uwarsa ta kama na hagu, suka tsallakar da shi. Cato ya sauke Minda a shimfiɗa, yana share hawaye da kafaɗa yana cewa, "Yaya, ka ci amanata. Na yi ta rantsuwa ka mutu, yanzu wa zai ƙara yarda da ni a garin nan?"

Minda ta buɗe ido a shimfiɗa. "Ai na ce yana waje."

Zazzaɓin ya sauka a cikin satin. Likitan soja ya ce maganinsa mai ɗaci ne ya yi aiki. Mama Hagar ta ce uban ne ya shigo ta ƙofa maimakon ta mafarki. Ba wanda ya ja da ita. Kafin Kirsimeti aka ɗaura wa Rinah da July aure a coci, irin wanda babu mai gonar da zai raba, tsohuwar ce ma ta riƙe wa amarya hannu. July bai taɓa komawa yadda yake ba. Har ya tsufa, in yara suka ja layi a ƙasa suna wasa, sai ya kewaye.

'Yan mata da samari, ku riƙe wannan. Haƙuri ba zama shiru ba ne. Rinah ba ta taɓa zagin surukarta ba, ba ta kuma binne mijinta don a daina yi da ita ba. Tsohuwar ma ba mugunta ce ta sa ta ba, an ƙwace mata 'ya'ya ne har ta fi yarda da kabari a kan dawowa. Wa ya mai da ita haka? Haraji?

Kofin yana nan a gidan Minda, a kan kantar ɗaki. Tarin ƙasar ma yana nan a gindin itatuwa, babu kowa a ciki, kusa da wasu da babu wanda ya dawo ya ƙaryata su. Duk mai cewa ba don bauta aka zubar da jinin nan ba, ya sauko daga baranda, ya shigo kwalekwale, ya zo ya riƙe kofin nan da hannunsa, ya dubi idon Minda ya maimaita. Kai mai karatu, in kana da ja, bismillah. Ka ce ƙarya na yi.